Mai Naɗe Waya a Gefen Dandamali

Ni ban yi boko ba. Ƴata ce ke rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana.

Wata huɗu da rasuwar maigidana ta ɗauko ni daga Kafanchan zuwa Doha, inda take aikin jinya, wai in huta da kuka. Kukan kuwa ya biyo ni har cikin jirgi. A unguwar Ain Khaled suke zaune ita da mijinta, da rana ba mai leƙa waje saboda zafi.

Surukina ma'aikacin lantarki ne. Duk Juma'a, ranar hutunsa, in ya ci tuwon rana sai ya kunna faifan wani taron kiɗan Turawa da abokinsa ɗan Gana ya ara masa. Jama'a fal fili kamar an zubar da gero, ruwa na dukansu, suna tsalle cikin taɓo. Masu jita gashi har gadon baya, suna girgiza kamar tururuwa ta shiga rigarsu.

Na ce wa ƴata, "Waɗannan ba su da iyaye ne?"

Ta ce, "Mama, daɗi suke ji."

Na ce, "To, Allah Ya ba su lafiya."

A wajenmu mace ba ta zama da mijin ƴarta, ko ido ba a haɗawa, don haka daga ƙofar kicin nake leƙe ina tsintar shinkafa. A nan na hango wani mai baƙar riga a gefen dandamali, ba ruwansa da kiɗan, yana naɗe waya. Zagaye ɗaya gaba, ɗaya baya, yana murɗa wuyan hannu, ya gama ya goge tafinsa a cinya. Sai faranti ya suɓuce mini.

Maigidana ya tsufa yana kai lasifika gidajen biki da tarukan coci, kuma haka yake naɗe waya. Ya kan ce mai naɗe ta a gwiwar hannu yana karya ta ne daga ciki. Hotunansa duk a tsaye suke ƙiƙam cikin babbar riga, babu inda yake motsi, har na fara manta yadda hannunsa yake yi.

Mutumin nan kuwa ƙiftawar ido yake fitowa. Juma'a uku ina gadinsa a bakin ƙofa, sau ɗaya ma albasa ta ƙone na rasa shi. Ta huɗu, ƴata na wajen aiki, na ji surukina a waya yana cewa, "Khalas, shi ke nan, gobe zan kawo maka faifanka unguwar Najma."

Na ja mayafi na rufe rabin fuska, na shiga falo na fuskanci bango. Na ce, "A gaya wa mai gidan nan, akwai wani mai naɗe waya a ciki. In ba damuwa, a maido shi."

Daga ni sai shi a gidan. Ya miƙe, shi ma ya fuskanci nasa bangon. Ya ce, "A gaya wa Mama ta zauna, za a nemo shi."

Ya nemo shi. Sau bakwai ya maido shi, ina kuka da majina. Ya ɗaukar mini bidiyon wurin a wayata ta hannu, sannan ya shiga ɗaki ya fito da doguwar wayar aikinsa, ya fara naɗe ta a gwiwar hannu, yana kallon bango.

Ban san sa'ad da na juyo ba. Na ce, "Haba ɗana, za ka karya ta! Miƙo nan."

Na karɓa na naɗe ta yadda maigidana yake yi, ashe hannuna bai manta ba. Ƴata ta dawo ta tarar da mu a tsakar falo, ina yi masa faɗa yana dariya, can kuma Turawa na ta ihu cikin taɓo.