Kitsen Layya da Jinin Duna

Jiya mutanen Gummi sun sha kallo: ga ni bayan ɗan kabu-kabu, rungume da kare cikin buhu, kansa a waje.

Duna ke nan, mai gadin awakinmu. Da layya ni na tara masa kitsen rago, wai shi ma ya yi sallah. Sai ga amai, ya ƙi abinci, ya lanƙwashe don ciwon ciki.

Likitan dabbobi ya ce kitsen ne ya kumbura wani sashe kusa da tumbinsa. Tun daga nan muke jelen ɗibar jini, a aika Sakkwato a ga ko kumburin na sauka.

Jiyan da muka karɓo sakamako, na shigo gida da murna: "Inna, jinin Duna ya yi kyau!"

Ta dubi tumbina. "Madalla. Kai hwa? Tun bara likita yac ce ka koma awon hawan jini. Ko sai karen ya kai ka?"

A lokacin kuwa, soyayyen nama na bakina.

Duna dai ya bar kitse. Jama'a, cikinku wa ke da buhun da zai ɗauke ni?