Sunan Ɗan Fari

Har gobe ban manta da ranar da na'urar Dokta Kabiru ta mayar da Inna Talatu ɓarauniyar takinta ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, da an ce "tsaron bayanai" sai ku gyara zaman hula, to ku saurara.

A lokacin ni ne jami'in shigar da bayanai na wata ƙungiyar manoma mai raba wa mambobinta taki da iri tsakanin Funtua da Malumfashi. Ciwon kanmu ɗaya ne: dillalai kan turo mutane su karɓe rabon wasu. Sai aka haɗa mu da masu bincike daga wata jami'a, shugabansu Dokta Kabiru, wanda ya yi shekaru a ƙasar waje yana karatun ɓoye bayanai. Ɗan Funtua ne, unguwarmu ɗaya, shi ne babba a ɗakinsu, na kuma san shi tun yana yawo ba wando. Amma ya dawo mana da tabarau da wata irin Hausa mai dogara sanda.

Tsarin da ya zo gwadawa mataki uku ne. Da farko manomi ya dangwala yatsa. In yatsa ya ƙi, a tura masa lamba ta waya ya karanto. In ba waya, sai tambayar sirri, wadda ya ba da amsarta tun ranar rajista. Da an shigar da amsar, na'ura kan dagula ta da lissafi yadda ko mu ma'aikata ba ma iya karantawa. In mutum ya zo ya faɗa, sai ta dagula tasa ta gwada da wadda ta ajiye. Gaskiya lissafin ba shi da makusa, ko aljani ba zai warware shi ba. Tambayar da ya zaɓa wa mata kuwa ita ce sunan ɗan fari, wai ya yi nazari ya gano babu uwar da ke mantawa da shi.

Tun a rajista da rani na ga inda gizo ke saƙa. Ka tambayi mace sunan ɗanta na fari, sai ta ja mayafi ta kalli ƙasa, ta bayanta a layi ta ɗaga murya ta faɗa maka, har da laƙabinsa. Kowa ya san 'yar mutunci ba ta kama sunan ɗan fari, alkunya ce da muka taras. Na je na gaya wa Dokta. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Malam Isiyaku, kai dai shigar da bayanai, ka bar mana tunani." Na ce to, na ci gaba da rubuta abin da maƙwabta suka faɗa. Wannan shirun nawa laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Ranar rabo a garin Dayi wata Talata ce a tsakiyar damina, masara ta kai gwiwa tana neman taki. Ƙa'ida ita ce duk buhun da ya rage, mota ta koma da shi Malumfashi kafin magariba, wanda ya rasa kuma sai baɗi. Dokta da kansa ya zo, ya kafa tebur kusa da nawa don ya ga tsarin nan, ɗan lelensa, yana tafiya.

Da hantsi Inna Talatu ta iso gabana. Dattijuwa ce, mijinta ya rasu, gona ɗaya gare ta, rabonta buhu biyu. Ta dangwala yatsa sau uku, na'ura ta ƙi, don fartanya ta riga ta shafe zanen. Waya kuwa ba ta da ita. Na cije na yi mata tambayar. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ɗan nan, ai ka san shi. Wanda ke gyaran babur a bakin tasha." Na ce na san shi, amma doka ta ce daga bakinta za a ji. Ta ce shekara arba'in ba ta kama sunan nan ba, ba za ta fara yau a gaban maza ba saboda taki.

Na roƙi Dokta ya bari in rubuta, tunda na san amsar. Ya ce in ma'aikaci zai riƙa amsa wa mutane, to tsarin ya rushe, kuma wanda bai iya faɗin amsa ba, ba shi ne mai suna ba. Ta tashi ta kama hanyar tasha. Na ji kunya ta rufe ni.

Bayan azahar sai na ji Dokta yana kirana da fara'a. Ga wata mata a gabansa, ta ce ita ce Talatu. Yatsa ya ƙi, ba waya, ya yi tambaya, ta ce "Haruna" kai tsaye ko ƙiftawa babu, na'ura ta kawo koren haske, alamar ta amince. Ya ce in zo in ga aikin ilimi, ga Talatun gaskiya, waccan ta safe 'yar damfara ce, da ya biye mini da an cuci baiwar Allah. Na duba, sai na ga Asabe ce, maƙwabciyar Inna, wadda ta faɗa mini sunan ranar rajista. Can gefe kuma ga babur ɗin dillali yana jira.

Ana ɗaure buhunan kenan sai ga Inna Talatu da Harunan, hannunsa duk baƙin mai, da mai unguwa a bayansu. Mai unguwa ya nuna wace ce wace, jama'a suka shaida, Asabe ta sulale. Amma Dokta ya kafe, wai shaidar baki ba ta cikin matakai ukun, lissafi kuma ba ya ƙarya. Direba ya riga ya fara ɗumama mota.

A nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ne ɗan fari a wurin Hajiya. Tun da aka haife ka, ka taɓa jin ta ce Kabiru?"

Duk unguwarmu an san "Mai Sunan Malam" take ce masa, in ranta ya ɓaci ta ce "wancan". Dokta ya cire tabarau ya goge, ya mayar, sannan ya ce a kwance buhunan a ba ta. Da Haruna ya ɗora su a babur, Inna ta juyo ta ce mini, "Na'urar taku tana da ƙoƙari, ɗan nan. Saura a koya mata kunya."

Kada ku zaci an yi nadama. Da rahoton bincike ya fito, aka rubuta cewa tsarin ya yi nasara, sai dai matan karkara suna bukatar wayar da kai. An cire tambayar a ɓoye, ba wanda ya ce Isiyaku ya taɓa faɗa.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan muna da gwanayen ƙera ƙyauren ƙarfe, amma sau da yawa a jikin zana suke kafa shi. Kafin ku ce wani abu sirri ne, ku je ku zauna a layi ku ji wa ke iya faɗinsa, wa kuma ba ya iyawa. Hajiyar Dokta tana nan da ranta a Funtua. Da ita ce ta zo layin nan ranar, da ɗanta ne da hannunsa zai rubuta ta cikin ɓarayi.