Kalma Biyu da Suka Kai Mu Unguwar Kirya

Laifin nawa ne, gara in faɗa tun daga farko. Tsoho Arzika, mai garin Unguwar Kirya, ya yi kwanaki a tsare a barikin Dogon Dutsi saboda maganar da ni na juya.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ɗan majalisa ne, kuma yana cikin waɗanda suka zauna majalisar dattawa ta tarayya a Faransa kafin mu samu mulkin kai. Shi ya sa ake ce masa Sanata. Ni lakwal ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, sai ya ɗauke ni ɗan aike. Kafin tafiyarsa ta ƙarshe zuwa Faransa ya tura ni Unguwar Kirya, tsakanin Lugu da Sukukutane, in tambayi dattawa ko sun yarda a haƙa musu rijiyar siminti a inda masu awo suka kafa turke. Na dawo na ce sun yarda. Ya miƙe a gaban majalisa yana neman taimakon rijiyoyi ga Arewa, ya ambaci garin da suna, ya ce mutanensa suna jira. Bazarar farko bayan mulkin kai masu haƙa suka iso. Mutanen gari suka tuge turken, suka zauna a wurin. Aka kama Arzika.

Talata: Yamai zuwa Dogon Dutsi

Mun bar Yamai ƙarfe huɗu da rabi na asuba a landirobar majalisa. Saini direba, Bazabarme mai yawan raha, shi ke tuƙi. Sanata yana gaba, ni ina baya tare da jarkar mai da salkar ruwa. Hanyar jar ƙasa ce, duk gargada. A Birnin Gaure muka sha fura a tsaye.

A shingen Doso jandarma ya leƙo, ya ga Sanata, ya ƙame.

"Ina za a, ranka ya daɗe?"

"Dogon Dutsi."

"Au, wajen 'yan tawayen nan da suka ƙi rijiya?"

"Wa ya yanke musu hukunci?" in ji Sanata. Jandarma ya ɗaga sandar shinge muka wuce.

A lokacin nan, wanda duk aka ce ya ƙi aikin gwamnati, sunansa ɗan adawa, kuma ba ƙaramin suna ba ne. Tun daga Doso har Kore Mairuwa ina shirya yadda zan buɗe baki. Duk sanda na matso gaba sai in ga ƙeyar Kawu, in koma in zauna.

Da la'asar muka hango dutsen. Ba mu sauka masauki ba, kai tsaye biron kumandan muka yi, wato ofishin mai mulkin yankin. Sabon naɗi ne, yana son a san ya iso. Da Faransanci ya yi magana, harshen da ake ce wa babban mutum Mushe, amma na ji duka.

"Kai da bakinka ka ce sun yarda, Mushe Sanata. Yau sun ƙi. Ke nan wani ya bi ta bayanka ya zuga su. Ran Juma'a da safe mota za ta tafi da tsohon Yamai. In ya shiga can, ya fita hannuna."

"Ka ba ni zuwa Alhamis."

"Zuwa faɗuwar rana."

Da muke fita na hangi Arzika ta ƙofar gidan kaso, zaune a ƙasa, ba hula. Na juya fuska kada ya gane ni. A gidan wani ɗan kasuwa abokin Sanata muka kwana. An kawo tuwon gero da miyar kuka, na kai loma biyu na janye hannu.

Laraba: Unguwar Kirya

Bayan sallar asuba muka kama hanyar Matankari. Daga nan ba hanya sai sawun shanu cikin rairayi. Wani Bafillace da muka tarar yana kiwo ya nuna mana da sanda, ya ce mu bar dutse a hannun dama. Rana ta take tsaka muka isa.

Ba wanda ya fito tarbar mota. Dattawa suna zaune nesa kaɗan da wata babbar kirya, ga ramin turken nan a gindinta. Wata tsohuwa ta kawo mana ruwa a ƙwarya, ja wur kamar kunun kanwa. Daga wata fadama mai nisa mata suke ɗauko shi, su fita da asuba su dawo da hantsi. Sanata ya sha, ya miƙo mini.

Namata, babban ɗan Arzika, shi ya yi magana.

"Sanata, kai ɗan ƙasag ga ne. Ka taɓa ganin an sa ƙarhe ƙarƙashin iccen Doguwa?"

"Ban taɓa ba."

"To, mi ya sa kac ce ma Nasara mun yarda? Wa ka ƙin ruwa? Dubi abin da kash sha. Wurin ne ba mu so."

"An ce mini kun yarda."

"Wanga yaro ne yaz zo." Ya nuna ni da haɓa. "Baba ya ce mai, mun ji. Munka shimfiɗa mai tabarma. Da sahe babu shi."

Duk ɗan Arewa ya san abin da "mun ji" take nufi a bakin dattijo. Magana ta shiga kunne, shi ke nan. Sai sun zauna, sun tambayi mai kula da Doguwa, iskar da ke zaune a kiryar, kasuwa ta zagayo, sannan ka dawo ka karɓi amsa. Na san haka sarai. Amma ranar nan na ji labarin wata babbar mota za ta tashi daga Matankari, ni kuma na ƙosa in koma birni. Na ce a raina, wa zai ƙi rijiya? In faɗi gaskiya, na raina su. Na ɗauka maganar iskoki ba abin da ɗan lakwal zai tsaya jira ba ne.

Sanata ya juyo. "Isufu?"

Na ce, "Haka na fahimta, ranka ya daɗe."

Ƙarya ta biyu ke nan. Sanata ya juya ga Namata. Namata ya kai shi gabas da gari ya nuna masa wurin da suka so tun farko, jifa biyu daga kiryar. A zauren Arzika muka kwana, aka ba mu dambu da nono. Ni ba wanda ya yi mini magana.

Alhamis: komawa

Mun tashi da sassafe, amma kafin Matankari mota ta nutse cikin rairayi har ciki. Muka sara geza muna cusawa ƙarƙashin ƙafafunta, Saini yana zagin injin da Zabarmanci. Ta fita, ta sake nutsewa. Azahar ta yi muna wuri ɗaya. Sanata ya tuɓe babbar riga yana tona rairayi da hannu kusa da ni.

"In mun isa," ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "zan ce wa kumandan ni na yi kuskure. Zan maimaita a majalisa. Masu jiran faɗuwata su samu abin dariya. Amma shi kumandan hujja yake so. Zai ce ina rufa wa masu zaɓena asiri."

Na ce, "Kawu, na san abin da 'mun ji' take nufi."

"Na san ka sani. Uwarka 'yar ina ce?"

Saini ya leƙo ta taga. "In kun gama shari'a ku tura, rana ba ta jiran Sanata."

Rana ta yi ja muka shiga Dogon Dutsi. Kumandan yana kan matakala, makulli a hannu. Ban jira Kawu ba, don na san in na jira ba zan iya ba. Da guntun Faransancina na faɗa masa duka: abin da aka ce mini, da abin da na kai, da motar da na bi. Ya dube ni tun daga kai har ƙafa.

"Ka san kai nake iya sa wa a motar gobe?"

"Na sani, Mushe kumandan."

Kumandan ya juya. Sannan ya ce wa Sanata masu haƙa sun riga sun wuce wani gari, bana Unguwar Kirya ba ta da rijiya, sai in majalisa ta sake sa sunanta. Ya kira gardi ya ce a fito da tsohon.

Arzika ya fito yana dafa bango. Na cire takalmi, na durƙusa a gabansa, gardawa da 'yan kallo suna tsaye.

"Baba, ni ne Isufu da kuka shimfiɗa wa tabarma. Kun ce kun ji, na je na ce kun yarda, alhali na san bambancin. Ni na sa aka kama ka, ni na sa matanku za su ƙara shekara suna tafiya fadama. Ba ni da abin kare kaina. Don Allah ka yafe mini."

Tsohon ya karɓi hularsa daga hannun gardi, ya kaɗe ta, ya sa. Ya dube ni.

"Mun ji," ya ce.

Wannan karon na zauna a Dogon Dutsi har kasuwa ta zagayo.