Littafin Baba da aka ƙunshe ƙosai da shi

Jiya da dare na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba. Amma ba za ku gane shi ba sai na gaya muku abin da ke tsakanina da yayana Habu.

Babanmu, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa ganin teku ba, ni ma haka. Yana dai da wani tsohon littafi na wani matafiyi da ya bi gaɓar teku mai duwatsu a ƙafa, yana rubuta abin da ya gani. Bayan la'asar Baba kan zauna a kujerarsa ya karanta, yana fassara mini da Hausa, yana ɗan rubutu da fensir a gefen shafi. Da ya rasu, Yaya Habu, sarkin tsafta, ya share ɗakin Baba ya kwashe takardun kaf, har da littafin, ya ba mai ƙosan bakin layinmu. Da hannuna na buɗe ƙunshin ƙosai na ga rubutun Baba, mai ya jiƙa shi sharkaf. Wata biyar ke nan ban yi wa Yaya magana ba.

A mafarkin na gan ni a gaɓar nan ta cikin littafin. Duwatsu baƙaƙe a tsaye kamar an sare su da gatari, ruwa na dukansu yana kumfa, ga kuma hasumiya mai fitila inda hazo ya tsare matafiyin kwana uku. Muryar Baba na karatu daga wani wuri, amma ba na ganinsa. Duk abin da ya karanta sai ya bayyana a gabana, ina ta tafiya.

Sai kawai karatun ya tsaya a tsakiyar magana. Hanyar ma a nan ta yanke, babu komai gabana sai rami, don shafin gaba ba ya nan. Na kira Baba, bai amsa ba.

Da na leƙa ƙasa, sai ga Yaya Habu cikin kwalekwalen takarda, duk maiƙo, ruwa na ta shiga. Ya ɗago kai ya ce, "Binta, jefo min igiya." Ashe igiya na hannuna, ban san lokacin da na ɗauka ba.

Na ce, "Karanto min shafin da kake takawa tukuna."

Ya duƙa ya duba, ruwa ya riga ya wanke rubutun. Na nemi dutse na zauna, na naɗe igiyar a cinyata, ina kallonsa har ruwa ya kai masa wuya. Wallahi daɗi na ji, irin na shan ruwan randa da tsakar rana, kuma ko ɗigon tausayi bai zo mini ba.

Na farka ina murmushi. Na san in mutum ya yi mummunan mafarki, tofi yake yi a hagunsa sau uku ya nemi tsari. Na juya hagu, amma na kasa, don zuciyata ba ta yarda mummuna ba ne. Ina nan zaune Inna ta kira, ta ce Yaya zai zo ran Juma'a ya ba ni haƙuri, kada in kunyata ta.

Masu sani, ku taimake ni da fassara. Gargaɗin nan a kansa ne ko a kaina? Kuma mutumin da na bari ya nutse ina murmushi, in ya zauna a gabana ran Juma'a na ce na yafe, gaskiya na faɗa?