Minti Ashirin da Na Ƙara wa Agogon Buro

Shekarar da sojoji sunka ce za su mai da mulki ga farar hula, ni ce mai shara a buro, wato ofishin ƙungiyar mata ta Agiye, kuma ni ke riƙe da mabuɗi. Da yamma a ɗakin nan muke karatun manya. Na haura sittin kafin in san harafi, shi ya sa da na sani ban bar kowa ya huta ba. Buhun taki, gefen mota, kwalin magani, duk sai na karanta da ƙarfi. Agogo ma a nan na koye shi.

Da anka fara maganar zaɓe sai ta bayyana matan ƙauyukanmu da yawa ba su da takardar haihuwa, kuma in babu ita babu katin zaɓe. Babban buronmu na Maradi ya ce a tara sunaye da hotuna a aiko, su za su kai gaban alƙali gaba ɗaya. Na ɗauki littafi da biro na hau amalanke. Ƙauye bakwai na zagaya har gefen Gazawa, ina rubuta sunaye da wannan karkataccen rubutu nawa. Wata tsohuwa ta ce mini an sha rubuta su ba su ga komai ba. Na ce mata, wancan karon ba ni na rubuta ba. Haka na bugi ƙirji a gaban mutane.

Sakatarenmu, wani dattijo mai son shayi da son girma, ya zuba sunayen a cikin ordinatar, wato kwamfuta. Tsohon injinmu ya mutu tun da damina, wannan kuwa na hannu ne da anka sayo daga hayin iyaka. Injin ya karɓi sunayen lafiya lau, amma ya ƙi aika ko ɗaya. Ranar Alhamis ƙarfe huɗu Maradi za su rufe lissafi su tafi da abin da ya iso.

Ranar Alhamis ɗin da hantsi sunka turo mai gyara. Na zaci namiji zan gani, sai ga mace ta sauko daga taksi da jaka a kafaɗa da goyon ciki, ba ta fi sa'ar autata ba. Raina ya yi fari. Na shimfiɗa mata, na kawo fura, na ja benci na zauna dab da ita.

"Inna, ba ki da aiki ne?" in ji sakatare.

"Ga shi nan ina yi. Sunayena ne a ciki."

Ta yi dariya ta ce a bar ni. Salularta ta mutu a hanya, ta ba da a kai kasuwa a sa mata wuta, ta kama aiki. Ni kuwa tambaya nake ba fasawa, tana ba ni amsa hannunta na kan inji. Ta ce kowane suna da hotonsa saƙo ne, kuma saƙonni layi suke bi kamar mata a bakin famfo. To layin ne ba a buɗe ba. Akwai babban inji a Maradi mai riƙe da rajistar duk injunan ƙungiya da mutanen da anka yarda da su. Sai ya rubuta namu a ciki tukuna layi ya buɗe, shi ko ya ƙi.

"Me munka yi mishi?"

"Abin da nake nema ke nan, Inna."

Ta duba waya ta bayan tebur, ta ce lafiya take. Ta duba rezo, wato layin sadarwa, akwai. Ta ce ko sunan injin ya yi karo da na wani, ta canza mishi, ta kashe ta kunna. Wani ɗan akwati ya fito da jan alama da faransanci. Ni faransanci ba na ji, amma kafin azahar na haddace siffarsa, da ya leƙo nake cewa ga maƙiyin nan ya dawo. Ta ari salular sakatare ta kira Maradi, sunka tabbatar mata tana da izini, sunka ba ta sabuwar kalmar sirri. Ta buga. Muna kallo wani koren zare ya fara tafiya, har na miƙe tsaye ina gyara zane. Ya kai rabi ya tsaya, maƙiyi ya fito.

Sakatare ya ce a kwafe a takarda a ba taksi. Ta ce hotuna fa? Kuma ko yanzu mota ta tashi ba ta isa kafin a rufe. Matan karatu sun fara taruwa a ƙofa, cikinsu har da waɗanda na rubuta. Suna leƙowa suna tambayata da ido.

Agogon bango ya nuna huɗu daidai. Mai gyara ta janye hannunta ta jingina da kujera, ƙafafunta sun kumbura. Ta ce, "Ku yi haƙuri, lokaci ya cika." Sai ta fara lissafa wa kanta abin da ta duba, tana naɗe yatsu: waya, rezo, suna, izini, lokaci.

"Lokaci kuma? Ina ruwan inji da lokaci?" na ce.

Ta ce babban injin mai tsantseni ne. In agogonsa da na ƙaramin sunka saɓa da fiye da minti biyar, ba ya yarda da shi, ɗauka yake ɓarawo ne ya zo da tsohuwar takarda. "Amma tun da safe na duba. Na inji da na bango da na salular malam duk bakinsu ɗaya."

Sakatare ya gyara zama ya ce ai dole, pil ɗin cikin injin, batirin agogonsa, ya mutu, kullum da safe shi da kansa ke saita shi da na bango. Salular ma da shi ya saita.

Nan na tuna abin da na yi. Wata biyu kafin nan, ina shara ni kaɗai, na hau benci na tura dogon hannun agogon nan gaba da minti ashirin. Dalilina shi ne ba mu samun ɗakin karatu sai sakatare ya tashi ƙarfe huɗu, mata kuwa ƙarfe biyar na yi sun gudu girki. Na ga in ya tashi da wuri mun ƙaru. Kuma mun ƙaru ɗin. Shi ko wata biyu yana ƙorafi wai ladanin unguwa ya tsufa, kullum sai ya makara.

Na dubi ƙofa na dubi sakatare. Na ce, "Agogon nan ƙarya yake. Ni na sa shi."

"Kin sa shi me?"

"Na ƙara mishi ashirin. In za ka yi faɗa ka bari sai an jima, yanzu huɗu saura."

Mai gyara ta fizgi salula daga hannun sakatare ta kira Maradi. "Ƙarfe nawa a injinku? A'a, har da minti." Ta saurara, ta dube ni, sai dariya ta kama ta har tana riƙe ciki. Ta gyara lokacin, ta kashe ta kunna. Injin nan kamar da gangan yake, ya ɗauki zamani yana kurɓar numfashi kafin ya farka. Koren zare ya tashi. Ya kai rabi na rufe ido, na ji ta ce, "Inna, buɗe ki gani." Ya wuce. An rubuta mu a rajista, layi ya buɗe.

Sunayen sunka fara fita ɗaya bayan ɗaya, ni ko ina karanta su da ƙarfi, da sunan uba da na ƙauye. Matan ƙofa sunka cika ɗakin. Duk wadda ta ji nata sai ta amsa kamar a aji, wata har da guɗa. Wasu sun wuce da sauri ban kai ga haɗa baƙaƙen ba, na ce da injin ya bi a hankali, anka yi ta yi mini dariya. Na ƙarshe ya fita, Maradi sunka kira sunka ce sun gani, da sauran minti uku.

Sakatare ya jira sai da ɗaki ya lafa. Ya ce, "Inna, kin san na sa an yi wa ladan magana?"

Na ce gobe in ya shirya mu je tare, ni zan ba da haƙurin. Munka je kuwa.

Takardun sun fito, katuna sun biyo baya. Ranar zaɓe na tarar da tsohuwar nan mai cewa an sha rubuta su, tana gabana a layi tun sassafe. Ba ta ce mini komai ba, ta dai ɗaga katinta ta taɓa mini kafaɗa da shi.

Mai gyara ta aiko da sabon pil daga Maradi. Sakatare ya sa anka mai da agogon can sama kusa da rufi, inda ko na hau benci ba na kaiwa. Amma daga ranar uku da rabi yake tattara kofunan shayinsa ya bar mana ɗaki.