Usur ɗin Glenys Trewin

Duk Asabar, tun gari bai gama wayewa ba, Glenys Trewin takan ajiye tsohuwar motarta a bakin gangaren da ke sauka falalen duwatsun bakin teku a garinmu Bermagui. Fulas ɗin shayi a hammata, usur a wuya. 'Yan ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoton teku kowa na fama da kyamara da sandarta mai ƙafa uku, ita kuwa sai ta hau wani tudun dutse, ta gyara tsayuwa, ta zuba wa teku ido. Aikin ke nan, kuma ta fi shekara ashirin tana yin sa.

Hoton da muke nema na haƙuri ne. Akan toshe gaban kyamara da baƙin gilashi, a bar idonta buɗe na 'yan mintuna, har raƙuman ruwa su narke su kwanta fari fat kamar madara, ba abin da zai rage sai dutse guda da sararin sama. A mintunan nan mai hoto ba ya cikin duniya, kansa a sunkuye, idonsa kan agogo. Teku kuwa ba ruwansa da agogon kowa.

Dattawan ƙungiya sun ce a da babu mai hannun Glenys a hoto. Ana nan wata safiya ruwa ya taso ya kwashe Merv Castellaro, wani mahauci, ya ja shi a kan duwatsu har ƙugunsa ya karye, alhali mutum goma na wurin, kowa kansa a ƙasa. A taron da ya biyo baya Glenys ta ce dole a samu wanda zai riƙa zuwa ba kyamara. Kowa ya yarda magana ce mai kyau, kowa kuma ya kama kallon takalminsa. Sai ta ce to, ita za ta fara, kafin a tsara. Ba a tsara ɗin ba har bana.

Dokarta ɗaya ce: in ta busa, ka sungumi kayanka ka hau tudu, ko saura ƙiris hotonka ya nuna. Kada a ɗauka kullum takan dace. Ta sha busawa a watse, ruwan ya zo ya lashi dutse ya koma. Merv yakan ce hotunan da usur ɗinta ya ɓata sun fi waɗanda gishiri ya ci. Ita kuma ta ce masa, "Yi ta zagi, tsoho. Gara in ji bakinka da in ɗauki ƙafafunka." Amma ku tambayi Thuy, ma'aikaciyar asibiti, ranar da ta bar sandar kyamararta ta gudu, tana waiwayowa ta ga teku ya tafi da ita kamar tsinke.

Ke ce idon masu sunkuyo, Glenys. Hotunanmu na rataye a shagon soyayyen kifi da dankali na garinmu, wasu har sun ci kyauta a birni, babu ko ɗaya da sunanki a ƙasa, kuma babu wanda ba da idonki aka ɗauka ba.

Bana gwiwoyinta suka gaza, 'yarta ta ce sai ta koma wurinta a Wagga Wagga, inda ba teku. Thuy ce ta tuna mana cewa akwai wani dutse can tsakiyar ruwa, shi kaɗai, da Glenys ta daɗe tana cewa wata rana za ta ɗauka. In ta tafi ba ta ɗauka ba, shi ke nan.

Asabar ɗinta ta ƙarshe duk muka zo ba kyamara. Kyamara ɗaya ce a wurin, tata, wadda 'yarta ta tono a ƙasan durowa aka goge. Merv ya miƙa hannu a ba shi usur. Ta daɗe tana kallon sa kafin ta cire, tana ƙorafin wai wanda bai iya tsare ƙugunsa ba shi zai tsare ta.

Ta saita, ta buɗe idon kyamara. Ana tsaka da haka Merv ya hango wani tudun ruwa ya busa da dukan numfashinsa. Glenys ba ta yi gardama ba, ta sungumi kayanta ta ɗingisa zuwa tudu. Ruwan ko idon sawu bai kai ba. Merv ya rasa inda zai sa kansa, ga rana ta kusa ɓullowa, in ta fito kuma hasken ya ɓaci. Glenys ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Daidai ka yi. In ka sake gani, ka sake busawa."

Ta koma, ta sunkuya, mu kuma muka jera a kan tudu muna kallon teku a madadinta. Ba ta ɗago ba ko sau ɗaya har ta rufe. Hoton ya fito: dutse guda baƙi, ruwa kwance, sama ba ko tsuntsu. Da Merv ya leƙa, cewa ya yi ashe gara da ta ajiye kyamarar, don da ta hana mu cin ko kyauta ɗaya.

Mun gode, Glenys. Yanzu bi da bi muke riƙe usur, kuma duk wanda ya riƙe ya san zafin ganin haske mai kyau yana wucewa hannunsa ba komai. Ku da ke sauka duwatsu a wasu garuruwa, kada ku jira sai ƙugun wani ya karye. Asabar mai zuwa ɗayanku ya bar kyamararsa a gida.