Abin da Ubale Ya Ɗauka a Rugar Dikko

Ubale maƙwabci ne na suna kawai. Kwaɗon ƙofarsa a Tudun Wada har ya yi tsatsa, gizo-gizo ya fi shi sanin cikin ɗakin. Gona ba shi da ita. Tasu ta gado tana ƙarƙashin ruwan Tiga tun yana saurayi, in ka tambaye shi sai ya ce ai ya ba tarwaɗa aro, bai je karɓa ba tukuna.

Tun zamanin soja yake yawo. Yau Kiru, jibi Bebeji, ranar kasuwa ka hango shi a Doguwa, a saman buhunan masara, don can sama direba ba ya yi wa mutum tsada. Inda magariba ta same shi nan ne gida: zauren wani, ko bencin tasha. Abinci kuwa rogo da ƙuli, ya kora da ruwan randar masallaci. Kayansa duka jaka guda ce ta fata, wadda ba ya ajiyewa ko alwala zai yi.

To, mutum ba noma, ba kiwo, ba tebur a kasuwa, amma bai taɓa roƙon kowa ba. Ina yake samu? Wasu suka ce soja yake kai wa rahoto. Tsofaffin mata suka ce abin da ke cikin jakar nan ba ya son hasken rana.

Rikoda ce a ciki. Ubale muryoyi yake ɗauka: kiɗan biki, sarewar makiyaya, waƙar masunta, tsofaffin waƙoƙin masu haƙar kuza a Riruwai. In kaset ya cika sai ya ba Habu direba ya kai wa wani Alhaji mai shagon kaset a Kano, shi ya buga ya sayar, ya aiko masa da rabonsa ta hannun Habu. Ɓoye rikodar yake yi, don Bahaushe da ya gan ta sai ya gyara murya ya fara gaida dangi har na Ikko, waƙa ta lalace. Batir kuwa a rana yake shanya su kamar barkono, kaset da biro yake mayar da shi baya.

Ana nan sai aka wayi gari bijimai biyu sun ɓace a rugar Dikko, wani makiyayi a bayan Doguwa. Bijiman ma ba na Dikko ba ne, na matarsa Saude ne, da su ta zo daga gidan ubanta. Ubale kuwa kowa ya ga giftawarsa ta wajen rugar.

Ranar kasuwa, Saude na zaune da ƙwaryar nononta a tasha, sai ga Ubale ya ja Habu gefe, dab da bayanta, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Na rugar Dikko na riga na ɗauke su. Biyu ne, masu kyau. Ka ce wa Alhaji kada ya bari kowa ya ji sai sun shiga kasuwa."

Duk a kunnen Saude. Rufe ƙwarya ta yi ta tashi. Kafin azahar Ubale na durƙushe a gaban dagaci, samarin ruga sun kewaye shi da sanduna, an aika a tsayar da motar Habu. Shi dukan bai dame shi ba kamar sunan. In aka ce ɓarawon shanu ne, ba direban da zai sake ɗora shi a kan buhu, ba zauren da zai buɗe masa, yawo ya ƙare ke nan.

"Ubale, ka ɗauka ko ba ka ɗauka ba?" in ji dagaci.

"Ranka ya daɗe, na ɗauka."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Wani ya gyara riƙon sanda.

"Suna ina?"

"Suna aljihun Habu."

"Bijimai biyu a aljihu? Kai, nan ba dandali ba ne."

"Wa ya ce bijimai, ranka ya daɗe? Waƙoƙi na ɗauka."

Nan fa jaka ta buɗu a bainar jama'a, karo na farko. Habu ya miƙo kaset. Batir ya yi sanyi, murya ta fito tana jan ƙafa, amma ba wanda bai gane ta ba. Dikko ne, dattijon da ko dariya ba ya yi gaban surukai, yana rera wa wata farar saniyarsa waƙa, yana yabon idonta da tafiyarta. Samari suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa.

Saude ta ce daga bayan taro, "Ni dai tun da na zo gidan ba a taɓa gaya mini rabin wannan ba."

Waƙa ta biyu ta ƙare, amma kaset bai tsaya ba, don Ubale a ranar gyangyaɗi ya ɗauke shi a gindin ɗorawa bai kashe ba. Aka ji takun mutum, aka ji sallama da wata murya mai kama da ta dillalan shanu a kara. Sai muryar Dikko: "Matso nan, kada a ji a gida..."

Dikko ya miƙe zumbur kamar ya zauna a kan kunama.

"Ranka ya daɗe, a kashe. Na janye. Bawan Allah nan bai taɓa mini komai ba."

"Ai ba mu ji ƙarshe ba, Malam Dikko."

"Batir ɗinsa muke ƙonawa, ranka ya daɗe. Talaka ne."

Ubale ya danna, ya mayar da kaset aljihunsa, ba na Habu ba. Dagaci ya dube shi, ya dubi Dikko, ya ce kowa ya kama gabansa. La'asar ta yi wa Ubale a saman buhu, hanyar Riruwai.

Kada ka ce zargi ya ƙare, wuri ya sake. Yanzu in ya leƙo Tudun Wada, gaisuwa gajera ake yi masa, ido na kan jaka. Masu gulma a bakin masallaci sai su koma zancen damina. Bijimai dai ba su dawo ba, Dikko kuwa an gan shi da sabon keke, ya ce ɗan'uwa ne ya ba shi.

Ubale bai taɓa sa wa kowa sauran kaset ɗin ba, bai kuma goge ba. Duk ranar kasuwar Doguwa Saude na cika masa ƙwarya kyauta, tana tambaya ko batir ya yi ƙarfi. Dikko kuma ya tare shi a bayan tasha da tsire, yana tambaya ko kaset na lalacewa in ya daɗe. Ya sha nan, ya ci can, ya ce da kowannensu sai dai a yi haƙuri. A duk garuruwan da yake zagawa, Doguwa ce kaɗai ba ya cin rogo.